Labarin Nikiyas Sarkin Yaƙin Atina, Mutumin Kirki Da Ya Hallaka Rundunarsa Don Gudun Zargi

 Ku sani akwai wata magana da mutane su ke yi kullum in za a ɗora wa wani shugabanci. Sai su ce, "Ai wane mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, ba a taɓa jin abin kunya gare shi ba," sa'an nan su ɗauka magana ta ƙare. Ni kuwa ina ganin da saura, gama akwai tambaya guda da ba a yi ba, ita ce kuwa mafi nauyi. Shin in rana ta zo wadda jama'a ba za su tsira ba sai shi ya yarda a ɓata sunansa, zai yarda? Domin in kafa hujja bisa wannan zan kawo muku labarin wani mutum daga cikin Yunanawa na dā, watau mutanen ƙasar da a ke kira Girka yanzu, sunansa Nikiyas ɗan Nikiratus. Masu tarihi sun yabi halinsa ƙwarai, sun kuma tabbatar a hannunsa runduna ta mutum dubu 40 ta watse, kaɗan daga ciki suka koma gida. Galibin masu ba da labarinsa a kan husufin wata su ke ɗora laifin. Ni kuwa na ce husufi ya zo ne ya tarar ɓarna ta riga ta nuna.

Ku lura, shekarun labarin nan na kafin haihuwar Annabi Isa ne, lissafinsu da baya da baya ya ke tafiya, watau 421 ta riga 413 zuwa da shekara 8. An haifi Nikiyas a birnin Atina wajen shekara ta 470. Zamaninsa ɗaya da Suƙuraɗu, malamin Aflatun, wanda shi kuma ya karantar da Arisɗo mai manɗiƙi. Atina a wannan zamani ba ta da sarki. 'Yan gari maza, waɗanda ba bayi ba, su ke taruwa bisa wani tudu, a yi magana, a ɗaga hannu, wajen da hannu ya fi yawa shi ne hukunci. Kowace shekara su kan zaɓi sarakunan yaƙi 10, wanda aka ga ya yi sakaci cikinsu a ci shi tara, ko a kore shi daga gari, ko ma a kashe shi. Ƙarfin birnin a teku ya ke. Jiragensu na yaƙi masu matuƙa hawa uku ne, kowane jirgi na cin mutum wajen 200. Abokiyar gabarsu ita ce Isbarta, wadda ba a iya mata a tudu. Yaƙi ya tashi tsakaninsu cikin 431, bai mutu ba sai 404.

Nikiyas babban attajiri ne. Bayi 1,000 gare shi waɗanda ya ke bayarwa haya su yi haƙa cikin ramukan azurfa na Lawuriyon, kullum rana ta fito ana ƙirga masa kuɗi bisa kan kowane bawa. Da wannan dukiya ya ke ƙawata bukukuwan gari, ya ke kyauta ga mabukata. Amma Fulutarkus, wanda ya rubuta labarin zamansa, ya nuna kyautar tasa iri biyu ce, ya kan ba wanda ya ke tausayi, ya kan kuma ba wanda ya ke tsoron bakinsa. Masu neman mutum da sharri a gaban shari'a sun san ƙofar gidansa. Ba ya zuwa cin abinci gidan kowa, ba ya zaman hira, in ba aikin gari ya fitar da shi ba yana cikin gida a kulle. Kullum yana yanka ga gumakansu, ya kuma ajiye mai duba cikin gidansa. In aka zo rabon yaƙi ya kan kauce wa mai wuya da mai tsawo, ya ɗauki wanda ya ga alamar samu, in ya ci kuma ya ce sa'a ce, don kada a yi masa hassada. Da haka ya yi shekaru yana yaƙi ba a taɓa korarsa ba. Cikin 427 ya ci tsibirin Minowa, cikin 424 ya ci tsibirin Kitira da ke bakin ƙasar Isbarta.

Kada ku ɗauka komi nasa riya ne. Cikin 425 ya yi yaƙi a ƙasar Korinti ya rinjaya, da aka kwashe gawa aka shiga jirage sai aka ga an manta da mutum 2. Al'adarsu kuwa wanda ya aika roƙon gawa wurin abokin gaba ya saki da'awar nasara ke nan. Nikiyas ya aika, ya gwammace a ce bai ci yaƙi ba da ya bar mutum 2 ba a binne ba. Ku riƙe wannan a zuci, za mu komo gare shi.

Cikin shekaran nan dai alamar ciwonsa ta fara bayyana. Mayaƙan Atina sun tsare waɗansu jarumawan Isbarta cikin wani tsibiri kusa da Bilos, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wani mai baki, Kiliyon, ya miƙe gaban taro ya ce da sarakunan yaƙi maza ne da tuni an kamo su. Nikiyas shi ne mai alhakin tafiya, sai ya ce to, ga runduna, Kiliyon ya ɗauka ya tafi. Kiliyon ya fara ja da baya, jama'a suka yi ta ihu sai ya tafi, ya yi alkawarin kwana 20. Ashe sa'a na tare da shi, gama wani sarkin yaƙi, Dimostinis, ya riga ya shirya dabara a can. Kafin kwanakin su cika sai ga shi da kamammu 292. To, ku duba abin da Nikiyas ya aikata. Yana ganin mutumin nan bai san yaƙi ba, amma ya miƙa masa rayukan 'yan garinsu, domin in an kāsa kunyar ta faɗa kan wani. Sakamakon nan ya yi kyau, aikin kuwa mugu ne.

Da Kiliyon ya mutu a yaƙi cikin 422, Nikiyas ya tsaya tsayin daka har aka ƙulla sulhu da Isbarta cikin 421, bisa sharaɗin shekara 50. Manoma suka koma gonakinsu, aka riƙa kiran sulhun da sunansa, har yau kuwa da sunansa a ke kiransa. Wannan shi ne mafi kyawun aikinsa, ba ni rage masa ko kaɗan. Sai dai Tukididis, mai tarihin yaƙin, wanda ya yi zamani da shi, ya faɗi abin da ya ke gani ya tura shi ga sulhu: so ya ke ya tsare sa'arsa tun ba ta juya ba, ya bar suna na wanda bai taɓa jawo wa gari hasara ba. Kun ji. Ko cikin alherinsa sunansa ne a gaba.

Sa'an nan aka zo shekara ta 415. Manzanni suka zo daga wani gari, Igista, cikin tsibirin Siƙilliya, suna neman gudummawa bisa maƙwabtansu waɗanda ke jingine da babban birnin tsibirin, Saraƙusa. Malamai sun san sunan birnin nan ta wata hanya, gama a bakin ganuwarsa ne alƙali Asadu ɗan Furatu, mai Asadiyya, ya rasu cikin 828 bayan haihuwar Annabi Isa, yana tsare da shi. Manzannin suka zo da azurfa talanti 60, talanti guda kuwa ladan mutanen jirgi guda ne na wata ɗaya, suka ce irinta na nan jibge a gida. Wani saurayi mai kyau da fasahar baki da son girma, Alkibiyadis, ya zuga jama'a. Aka yanke a aika da jirage 60, aka naɗa shi, da Lamakus, da Nikiyas, ko da ya ke Nikiyas ba ya so.

Da aka sake taro bayan 'yan kwanaki Nikiyas ya miƙe ya faɗi gaskiya. Ya nuna musu sulhun da ke tsakaninsu da Isbarta bai kafu ba, ga abokan gaba a bakin ƙofa, ga Siƙilliya da nisa, in hunturu ya shiga sai a yi wata 4 ko manzo bai iso ba, ko an ci ta ma ba a iya riƙe ta. Jama'a ba su saurara ba. A nan ya yi kuskurensa na fari. Maimakon ya tsaya kan maganarsa, ya ce shi bai yarda ba, ba shi kuwa jan wannan tafiya, sai ya koma ga dabara. Ya ce cikin ransa bari in tsorata su da yawan kaya. Ya shiga lissafa musu jirage da dakaru da 'yan baka da hatsi da masu toya gurasa da kuɗi. Jama'a da jin haka sai murna ta ƙaru, suka ce tun da mai hankalin gari ya faɗi abin da a ke bukata, in an ba shi ai babu sauran haɗari. Aka matsa masa ya faɗi adadi, ya ce jirage ba su gaza 100 ba, dakaru masu sulke ba su gaza 5,000 ba. Nan take aka ba shi. Waɗanda ba su so tafiyar ba suka yi shiru, don kada a ce ba su ƙaunar gari. Garin neman gira aka rasa ido. Da an tafi da jirage 60 aka kāsa, hasara ce wadda gari zai iya ɗauka. Dabarar Nikiyas ce ta mai da ita jirage 134 da dakaru 5,100.

Da suka isa suka tarar Igista ta yaudare su, talanti 30 kaɗai ke akwai, kwanonin zinariya da azurfa da aka nuna wa manzannin Atina a gida-gida na aro ne, ana zagayawa da su. Lamakus ya ce a faɗa wa Saraƙusa yanzu tun tsoro bai sake su ba, ba a bi shawararsa ba. Ba a daɗe ba aka aiko daga gida a komo da Alkibiyadis ya amsa ƙarar wulakanta addinin gari, ya sulale a hanya ya gudu Isbarta, ya tona musu asirin garinsu duka. Damina da kaka suka wuce ba a yi abin kirki ba, har mahayan Saraƙusa su kan zo bakin sansani suna yi musu ba'a, suna tambaya ko zama suka zo yi.

Cikin 414 Nikiyas ya nuna ya san aikinsa. Ya kwashi runduna cikin jirage da dare, ya hau tudun Ifibolai da ke bisa birnin kafin masu tsaro su farga, ya shiga gina ganuwa wadda za ta kewaye Saraƙusa daga teku zuwa teku. Lamakus ya mutu cikin wata arangama, Nikiyas ya saura shi kaɗai, ga ciwon ƙoda ya kama shi. Wata rana abokan gaba suka auka wa sansanin yana kwance, babu kowa sai barori, ya ce a sa wuta ga katakon da ke jibge gaban ganuwa, wutar ta kore su. Mutanen birni har sun fara zancen sallamawa. A nan ya yi kuskure na biyu. Ya ji labari Isbarta ta aiko da wani mutum, Gilibus, da jirage 4, ya raina su, bai aika a tare shi ba sai da lokaci ya ƙure. Gilibus ya sauka a Himira, ya tara mutum wajen 3,000, ya biyo ta tudu ya shiga ta wurin da ginin bai haɗu ba. Ya sa aka gina wata ganuwa ta gicciye ta Atinawa. Daga ran nan mai tsarewa ya zama abin tsarewa.

Da hunturu ya shiga Nikiyas ya rubuta wa Atina takarda. Ya ce ko dai su kira runduna gida, ko su aiko da wata kamarta da kuɗi masu yawa, shi kuma a sauke shi saboda ciwo. Ku duba, har yanzu bai iya buɗe baki ya ce a janye ba, sai ya ajiye musu biyu su zaɓa, alhali ya san halinsu. Suka zaɓi ƙari, suka kuma ƙi sauke shi. Cikin 413 Dimostinis da Yurimidon suka iso da jirage 73 da dakaru wajen 5,000. A shekaran nan kuwa Isbarta ta riga ta kafa ribaɗi a Dikiliya, cikin ƙasar Atina kanta, bisa shawarar Alkibiyadis. Abin da Nikiyas ya faɗa tun farko ya tabbata.

Dimostinis bai ɓata lokaci ba, ya kai hari tudun Ifibolai da dare. Da fari suka ci gaba, sa'an nan suka rikice cikin farin wata, ba su bambanta nasu da na gaba, suka yi ta sukar juna, waɗansu suka faɗa daga kan duwatsu. Gari ya waye aka zauna shawara. Dimostinis ya ce an gwada abin da a ke iya gwadawa, sansani cikin fadama ya ke, zazzaɓi na cin mutane, teku kuwa har yanzu a buɗe ta ke, jiragensu sun fi na abokan gaba, a tashi. To, ga kuskure na uku, shi ne uwar sauran. Nikiyas ya ƙi. Hujjarsa da ya faɗa a fili ita ce mutanen Atina ba za su yarda da komowa ba tare da izninsu ba, masu yanke musu hukunci ba su ga abin da a ke ciki da idonsu ba, mai iya baki zai zuga su, sojan nan kuma da ke kuka yanzu su ne za su isa gida su ce an ba sarakunan yaƙi rashawa. Ya ce shi ya fi so ya mutu a hannun abokin gaba da ya mutu a hannun 'yan garinsu bisa ƙazafi na kunya.

Ku tsaya ku auna wannan magana. A kunne ta yi kama da ta jarumi. Amma wa ya tambaye shi irin mutuwar da ya fi so? An ba shi amanar 'ya'yan mutane dubbai, ana tambayarsa yadda za su tsira, shi kuwa yana amsawa da yadda sunansa zai tsira. Da shi kaɗai ne cikin jirgin, da sai mu ce ya zaɓar wa kansa. Mai sulke da matuƙin jirgi da baran da ke ɗauke da guzuri, wa ya shawarce su ko sun yarda su mutu don kada a zagi Nikiyas a kasuwar Atina?

Kwanaki suka shuɗe, Gilibus ya samo ƙarin mayaƙa, ciwo ya daɗa yawa. Sai a sa'an nan Nikiyas ya sauko, ya ce a tashi a ɓoye. An gama shiri sarai, daren 27 ga Agusta, 413, wata yana cikakke, sai ya yi husufi. Masana taurari na yanzu sun yi lissafi sun tabbatar da wannan dare. Soja suka firgita, suka ce a dakata. Masu duba suka ce a zauna kwana tara sau uku, watau 27. Nikiyas ya ce ko zancen tafiya ba za a sake yi ba sai sun cika. Mutanen Saraƙusa suka ji, suka fito da jirage 76 suka kori 86 na Atina, Yurimidon ya mutu. Sa'an nan suka jera jirage a bakin mashigin tashar suka ɗaure su da sarƙa. Atinawa suka zuba mutane cikin jirage wajen 110 don su fasa, aka yi yaƙi cikin ƙunci, sauran runduna na tsaye a gaɓa suna kallo suna kururuwa, aka kore su. Da Dimostinis ya ce a sake gwadawa da asuba, Nikiyas ya yarda, matuƙa suka ƙi shiga jirgi.

Saura tudu. Daren nan mutanen birni na shagalin biki da shaye-shaye, hanyoyi a buɗe. Wani mai wayo cikinsu, Harmukuratis, ya aiki mutane su je kusa da sansani kamar masoya, su ce a gaya wa Nikiyas kada ya tashi da dare, an tare hanyoyi. Aka gaskata, aka zauna, sai rana ta uku aka tashi, sa'an nan kuwa an tare su da gaske. Mutum dubu 40 suka kama hanya, suka bar gawawwaki ba a binne ba, marasa lafiya na rataye a wuyan 'yan'uwansu suna roƙo kada a bar su. Wanda ya saki nasara saboda gawa 2, ga inda gudun zargi ya kai shi. Gaskiya dai, cikin kwanakin nan ya yi abin yabo, yana fama da ciwo yana bin sahu yana ƙarfafa zukatan mutane. Aka yi kwana 8 ana tafiya ana harbinsu. Dimostinis ya sallama da mutum 6,000. Nikiyas ya kai kogin Asinarus, ƙishirwa ta sa mutane suka ruɗa ciki suna tattake juna, ana kashe su daga gaɓa, suna shan ruwan da ya gauraye da laka da jini. Ya ba da kansa ga Gilibus, ya roƙa a daina kisan mutanensa. Aka kashe shi da Dimostinis, ba da son Gilibus ba. Kamammu ba su gaza 7,000 ba, aka zuba su cikin ramukan da a ke fasa dutse, rana ta ƙona su, sanyin dare ya bi, abincin yini ɗan awo na hatsi, ruwa rabin wannan. Bayan kwana wajen 70 aka sayar da waɗansu, Atinawa suka yi wata 8 a ciki. Ramukan na nan a Saraƙusa har yau.

In wani ya ce, "Ai tsoron Nikiyas ba na banza ba ne," sai mu ce gaskiya ne. Cikin 424 mutanen Atina sun kori sarakunan yaƙi 2 da suka komo daga Siƙilliya, suka ci na ukunsu tara, bisa zargin rashawa. Tukididis kansa ya yi shekara 20 a waje saboda wani gari da ya kuɓuce masa. Bayan Nikiyas ma, cikin 406, sun kashe sarakunan yaƙi 6 waɗanda suka ci nasara a teku, don hadari ya hana su tsamo mutanen da jiragensu suka nutse. Amma ku san wane ne na ukun nan da aka ci tara cikin 424? Yurimidon ne. Shi da ya ɗanɗana zafin bakin Atina a jikinsa, shi ne ya goyi bayan Dimostinis a tashi. Ashe ana iya sanin haɗarin a kuma ɗauke shi. Mafi munin abin da zai sami Nikiyas a gida wuyansa ne guda, a ɗaya gefen ma'auni kuwa ga dubu 40.

In wani ya ce, "Yana da masu kawo masa labari daga cikin birni cewa kuɗinsu ya kusa ƙarewa," sai mu ce Dimostinis ya ba shi mafita, ya ce a koma Katana ko wani wuri mai fili, inda jirage za su sami sararin juyawa, a ci gaba da yaƙi daga can. Wannan ba gudu ba ne, bai kuwa bukaci iznin kowa ba. Ya ƙi, sauran suka yi shiru suna zaton ya san wani abu da ba su sani ba. Kwarjinin mutumin kirki ya rufe bakin masu gaskiya.

In wani ya ce, "Husufi fa, ai soja ne da kansu suka nemi a dakata, zamaninsu kuma na jahilci ne," sai mu ce sanin dalilin husufi ya riga ya shigo Atina. Anaksagoras ya bayyana tun kafin wannan cewa wata daga rana ya ke samun haske, in duniya ta shiga tsakaninsu inuwarta ta faɗa kansa sai ya yi duhu. Fulutarkus ya kawo labarin Barikilis, shugaban Atina da ya mutu cikin 429, cewa rana ta yi husufi ana shirin tashi, matuƙin jirginsa ya tsorata, ya ɗaga mayafinsa ya rufe masa ido, ya nuna masa abin da ya faru ke nan, sai dai abin da ya tare rana ya fi mayafi girma. Cikin 357 kuma Diyon, abokin Aflatun, zai tashi zuwa wannan Saraƙusa ɗin, wata ya yi husufi, bai fasa ba, ya je ya shiga birnin. Soja su firgita ba abin mamaki ba ne, don haka a ke naɗa musu shugaba. Ko cikin masu duba nasu an sami wanda ya ce daga baya fassarar ta karkace, gama mai son gudu a ɓoye duhu ya ke nema. Babban mai duban Nikiyas, wanda ya kan rage masa tsoro, ya mutu kafin wannan dare, waɗanda suka saura suka faɗi abin da ya dace da firgitar jama'a. Ni a ganina Nikiyas ya karɓi kwana 27 ɗin nan hannu biyu ne domin sun sauke masa kaya. Mutumin da ya yi shekaru yana neman wanda zai ɗauki nauyin hukunci a madadinsa, ran nan ya sami wata.

Aflatun ya sa Nikiyas cikin wani littafinsa mai suna Lakis, inda a ke muhawara a kan ma'anar jaruntaka, ya ba shi ra'ayin cewa ita sani ce, sanin abin da ya cancanci tsoro da wanda bai cancanta ba. Da wannan ma'auni nasa za mu auna shi. Mashi bai tsorata shi ba, ciwo bai kwantar da zuciyarsa ba. Ya ji tsoron bakin 'yan gari da inuwar duniya a kan wata, ya bar abin da ya cancanci tsoro, watau mashigin teku da a ke shirin toshewa.

Ban sauke wa mutanen Atina nasu kason ba. Su suka ɗora wa mutum yaƙin da ya ce bai yarda da shi ba, ya ce ba shi da lafiya suka ƙi sauke shi, su ne kuma suka mai da kowace komowa cin amana, har shugabanninsu suka koyi ɓoye gaskiya. Jama'ar da ke yanka mai kawo mata mugun labari, ranar da ta fi bukatar gaskiya ba ta samun mai faɗa mata. An ce wani baƙo ne ya fara ba da labarin hallakar a rumfar wani wanzami a bakin tashar Atina, wanzamin ya sheƙa cikin gari ya faɗa, aka kama shi aka azabtar da shi a kan ya ƙaga ƙarya, har waɗanda suka tsira suka iso. Hali dai bai sake ba.

To, ya ku almajirai, wata rana za a zo gabanku neman shawara, ko a ce ku nuna wanda za a ba riƙon wani abu. Kada ku tsaya ga cewa hannunsa tsarkakakke ne, ko da ya ke wannan sharaɗi ne da ba a sarayar da shi. Ku bincika, ya taɓa cewa a'a a fili gaban taro ya tsaya a kai? Ya taɓa janyewa daga abin da ya fara, ya ce na yi kuskure, ya haƙura da dariyar mutane? In an tambaye ku kuma, ku faɗi abin da ku ka sani ƙarara, kada ku nannaɗe shi cikin dabara kuna fatan a gane, gama wanda ya riga ya so abu, kowace magana mai fuska biyu fuskar da ya ke so zai gani. In kuwa ku ne mabiya, ku bar wa shugabanku ƙofar komowa.

Tukididis ya hukunta cewa cikin Yunanawan zamaninsa Nikiyas ne wanda irin wannan ƙarshe ya fi rashin dacewa da shi, saboda kyawun halinsa, Arisɗo kuma an samu cikin littafin da a ke danganta masa ya lissafa shi cikin mafifitan mutanen Atina. Ban musa musu halinsa ba. Amma Bausaniyas, wanda ya zagaya ƙasar bayan shekaru ɗaruruwa, ya ga dutsen da aka rubuta sunayen matattun Siƙilliya a kai. Sunan Dimostinis na nan, na Nikiyas babu, an ƙi sa shi don an ce da kansa ya sallama. Sunan da ya sayar da runduna don ya tsare shi, shi ne aka hana wa wuri a kan dutse.

Wannan shi ne abin da na gani cikin al'amarin mutumin nan. Wanda ya ga na zalunce shi ya ɗauki alƙalami ya kawo tasa hujja, za a saurara.